Wuyan Baffa a Katin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Inna tana lafiya sai ciwon gwiwar nan nata. Ni kuwa, wallahi da takaici nake rubuto maka, don har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ka san ranar da bakin Baba ya karkace, kofi ya suɓuce daga hannunsa, can kuma ya warware. Likita ya ce gargaɗi ne, a ɗauki hoton jijiyoyin jinin wuyansa da na ƙwaƙwalwa, a ga inda jini ke maƙalewa tun kafin ɓarin jiki ya shanye. Ranar hoton ina wurin aiki, sai Baffa, ƙanensa, ya ce shi zai raka shi. Har godiya na yi masa, ka ji wauta!

Da muka koma karɓar sakamako, likita ya kunna mana hoton, ya nuna wata jijiya a wuya da ta tsuke kamar zare. Ya ce kowane lokaci tana iya toshewa, sai an yi aiki. Inna ta fashe da kuka, ni ma haka. Baba kuwa ko a jikinsa, yana ta gyaran hula. Sai na ga Baffa yana haɗa gumi, yana shafa wuyansa, yana tambaya ko mai irin wannan jijiyar yana kai baɗi. Kafin likita ya rufe baki, Baffa ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Nan ya tona asirin da bakinsa.

Ashe da Baba ya leƙa ɗakin hoton, ya ga gadon da ke zura mutum cikin bakin inji, ya ji kuma za a yi masa allurar da ke fito da jijiyoyi, sai ya ce ba mai sa shi a kabari da ransa. Shi ne Baffa ya karɓi katinsa, aka kira sunan Baba, ya amsa, ya shiga ya kwanta. Hujjarsu wai uwa ɗaya uba ɗaya suke, abin da ke wuyan wannan shi ke wuyan wancan. Dattawa biyu da furfura, Yaya! Saura kaɗan a yanka wuyan Baba a kan hoton wani. Likitan bai ko yi faɗa ba, kallonmu kawai ya yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu Baffa ya yarda a yi masa aiki, har yana bin ma'aikatan jinya da addu'a. Baba kuwa, da shi aka fara, har yau ba wanda ya san abin da ke wuyansa. Na yi lallashi, na yi kuka, ya ce ai an riga an ɗauka. Maganarka kaɗai yake ji. Don girman Allah ka kira shi yau, kada ka bari sai gobe, domin da safen nan ma cokali ya faɗi daga hannunsa, ya sa ƙafa ya take don kada in gani.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Autar Inna