Gado Mai Ƙafar Zalɓe

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata ranar da rana ta take, shamuwar da nake ɗaga kai ina jiran zuwanta, maigidana Mala, manomin shinkafar Auyo, sabon kafintan da bai taɓa yi wa kowa yaron shago ba! Gaisuwa mai yawa kamar bado a fadama, daga gidan Iya a Haɗeja, inda na zo wankan jego na gama, na yi arba'in, na yi kitso da lalle, har lallen ya fara tashi ban ji kukan babur ɗinka a ƙofa ba.

Kada ka wahalar da kanka neman hujja, yayarka Kolo ta zo ta fasa ƙwai. Ta ce tun da na taho ka sayo zarto da guduma da katako, ka jingina waya a jikin turmi, kana kallon bidiyon masu haɗa gado kana bin su. Ta ce ka rantse ba za ka zo ɗaukarmu ba sai gadon ya tsaya da ƙafarsa. Ta ce babban yatsanka na hagu ya sha guduma har farcen ya yi baƙi. Wayyo yatsan nan! Wa ya ba ka izinin dukan abin da yake nawa?

Ban manta kujerar tsugunno da ka fara gwada hannu a kanta ba, wadda ƙafa uku ke ƙasa ɗaya na gaida sama, sai na cusa mata kwalin sabulu kafin in zauna tuƙin tuwo. Na ce ta yi kyau, kai ma ka yarda. Allah ya yafe mana mu biyun.

Amma gadon nan, masoyina! Yaya Kolo ta ce ƙafafunsa kaɗai sun wuce mata ƙugu, kafin a zo maganar katifa. Na yi dariya har Iya ta leƙo, sai kuma na daina, don na san inda ka samo awon. Ka tuna safiyar da ruwa ya shigo mana da damina, ina da ciki, ka ɗauke ni cak ka sa a jirgin maƙwabta, ka koma ka tsaya kana kallon gadon aurena yana kumbura yana rabuwa? Da ruwan ya janye ya bar layi a bango, na gan ka kana shafa shi. Ashe layin nan ka auna, ka ƙara taƙi guda don tsoro.

To gaya mini, zalɓen zuciyata, mai goyo ta ina za ta hau? Da tsani? Ko in jira ruwa ya dawo ya ɗaga ni? An ce yanzu rage ƙafafun kake yi: ka yanke wannan waccan ta fi tsawo, ka yanke waccan wannan ta yi fushi. A haka sai ka wayi gari da tabarmar katako!

Ajiye zarton, don girman Allah. Na san kunya kake ji ka kwantar da mu a ƙasa, ni kuwa kewarka ta fi ƙarfina, har tuwon Iya ba ya wuce mini. Kuma yaron nan ya fara murmushi. Yana yi wa Iya, yana yi wa mai tallan kifi, jiya har akuya ya yi wa. Rabonka da shi tun ranar suna. Ina tsoron ranar da za ka miƙo hannu ya juya ya ɓoye fuskarsa a jikina, kamar baƙo ne ya shigo.

Ka zo Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, ko da ƙurar katako a rigarka. Abin da ya rage mu ƙarasa tare, ni in riƙe kai ka buga.

Taka ce ni, a gado ko a tabarma, har ranar da za a jera itace a kaina,

Jannat