Ƙarambau Ya Hana Goyon Ciki

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu lafiya lau.

'Yarki Hadiza ta kusa haihuwa, amma na hana ta zuwa nan gida goyon ciki. Ƙarambau ya kama yaranmu, ita kuwa ba ta taɓa yi ba. A asibiti sun ce yana iya taɓa huhun mai ciki, jaririn ma bai tsira ba.

Inna ta ce boko ya cinye ni, wai wankan darbejiya ya isa. Ta daina amsa gaisuwata. Amma jiya ita ta aika wa Hadiza: kada ta tako gidan sai ƙurajen sun bushe.

Ki sa ta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya. A gaida Alhaji.

Ƙaninki,
Sule