Tiren Iya Hajo

Kafin Dafga, Karaye

Zuwa ga Iya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya mutanen gidanmu na Ɗorayi, tun daga ɗakin zaure har na bakin famfo? Na san ke da waya ba kwa shiri, sai dai ki yi ta "iye? iye?", shi ya sa na rubuto ta hannun Sulle direba. Ki ba Ummukulthum ta gidanmu ta karanta miki.

Mun sauka lafiya. Iya, gida guda muka samu, ɗaki biyu da tsakar gida har da darbejiya, kuma hayarsa ba ta kai ta ɗakinmu ɗaya na nan ba. Baban Sadiƙa ya kafa rumfar waldarsa a bakin titi. Mutumin da a Kano yake yini yana korar ƙuda, yanzu garmar shanu da amalanke sun yi masa layi, har Rogo ake kiransa ɗaura ƙofofi. Alhamdu lillahi.

Ni kuwa da na ga ƙofa tawa ce ni kaɗai, sai na ja ta na danna sakata. Bayan shekarun da na yi ina layin banɗaki, ai dole in sha iska! Amma wallahi shirun ya fara isata. Ba rediyon Malam Halliru, ba rigimar igiyar shanya, ba muryarki da la'asar kina kiran yaran gida su zo tuwo ya huce. Ban taɓa zaton zan yi kewar faɗan famfo ba.

Abin da ya dame ni shi ne 'yata Sadiƙa, mutuniyarki. Tun da muka zo ba ta cin abinci. Na saya mata farantinta ita kaɗai mai furanni, ina zuba mata a ɗaki, sai ta zauna tana kallonsa har ya sandare. Ina ga miyarki take nema. Don Allah ki aiko min da daddawarki da kukarki.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Munawwara

Kafin Dafga, Karaye

Iyata,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar mana ke.

Na kaɗa miyar yadda kika koya min, ban rage komai ba. Da Sadiƙa ta ji ƙanshin sai ta ruga bakin ƙofa tana neman ki. Da ba ta gan ki ba ta dawo, ta yi loma ɗaya ta ture farantin. Na lallasa, na yi faɗa, har muciya na ɗaga mata, Allah ya yafe min.

Mun kai ta asibiti a Karaye, sun duba sun ce ba ciwon komai. An yi rubutu ta sha. Sai shayi da ɗan biskit ke riƙe da ita. Iya, awarwaron da kika saya mata da Sallah yanzu zamewa yake daga hannunta. Yarinyar da kike kira Tulu saboda kumatu!

Babanta ya ce in an gama cirar gyaɗa ba ta daidaita ba, ko dai mu kawo miki ita ki riƙe, ko mu tattara mu koma gaba ɗaya. Ki duba min wannan zaɓi. In bar 'yata mai shekara huɗu, ko in mayar da bawan Allahn nan zaman kashe wando bayan ya fara ɗaga kai cikin mutane? Na yi kuka har na gode Allah.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Baba Hannatu, kullum tana aiko min da kwano, yau dambu gobe ɗanyar gyaɗa. Takan ce in saki yarinya ta shiga cikin yara. Ni kuwa ina tsoro, ga rijiya a buɗe, ga shanu, ga yaran da ban san iyayensu ba. Sai in yi godiya in mayar da sakatata.

Ki saka mu a addu'a.

'Yarki,
Munawwara

Kafin Dafga, Karaye

Iya Hajo,

Gaisuwa da fatan alheri. Albishirinki! Ki ba Sulle gorona ya kawo min, ki ja masa kunne kada ya cinye.

Ranar Laraba Baba Hannatu ta zo da kanta tana dukan ƙofa kamar za ta ɓalla. Ta ce yau ɓarar gyaɗa ake a gidanta, kuma a unguwar nan ba macen da ake ɗauke wa, ko daga Makka ta zo balle Kano. Kafin in buɗe baki ta saɓa Sadiƙa a baya ta yi gaba. Dole na yafa mayafi na bi ta.

Mata cike da tsakar gida, ana ɓara ana hira, ana yi min dariya wai yatsun birni ba su san aiki ba. Da azahar aka sauke dambu, aka juye wa yara nasu a ƙaton kwano ɗaya aka dire a gindin rumbu. Ina cikin ɓara na ɗaga kai. Iya, sai ga Sadiƙa ta je da kanta ta tsoma hannu a ruwan wanki, ta kutsa tsakaninsu tana ture na kusa da gwiwar hannu, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda kika koya musu. Ta ci, ta ci, har da suɗe kwano.

Nan take tirenki ya faɗo min a rai, wannan mai lanƙwasasshen baki da kike direwa a ƙofar ɗakinki, kowace uwa ta juye abincin yaranta a ciki su ci tare. Tun da aka yaye yarinyar nan ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Ni kuma na kulle ta a ɗaki da faranti mai furanni, wai ni mai gata! Na sunkuyar da kai ina hawaye, matan suka zaci ƙasar gyaɗa ce ta faɗa min a ido.

Maganar komawa ta mutu. Ƙofarmu a buɗe take yini, kumatun Tulu sun fara dawowa. Da gari ya waye sai gidan Baba Hannatu, ba na ganinta sai magariba.

Sai dai zan gaya miki abin da ya sosa min rai, kada ki ji haushinta, yarinya ce. Jiya na ce ta zo ta faɗi saƙon da zan rubuta wa Iya. Sai ta nuna katangar Baba Hannatu ta ce ai Iya tana nan, yanzu ta baro ta.

Babanta a rumfa yake cin na rana tare da abokan aikinsa. Ni ce yanzu nake zuba tuwo a farantin nan mai furanni, in zauna gindin darbejiya ina kallonsa har ya huce. Sadiƙa ta warke, Iya. Saura ni.

Ki gaishe min da gidan duka, har masu faɗan famfo.

Taki har kullum,
Munawwara