Kada A Yi Wa Baraka Allura Sai Kwano Na Gabanta

Da sunan Allah. Ni Sammani mai shadda na Ƙofar Sauri, na rubuta wannan da hankalina garau. Jiki ne kawai ya karya farashi. Zuwa ga 'ya'yana Atiku, Ramla da Yari.

Kwanakin nan da na lumshe ido sai in ga kasuwa ta zama kogi, rumfuna na tafiya a kai a hankali, ina ɗaga masu hannu. Na gane tafiya ta matso.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba. Atiku da Yari, rumfar da kuka daina gaisawa a kanta, ku zauna ciki tare. Ta ɗauke ni da tumbina, za ta ɗauke ku.

Na biyu, dalilin rubutun: mahaifiyarku Baraka da ciwon sugarta. Allurarta ta insulin iri biyu ce. Ta kwanciya barci mai tafiyar hawainiya ce. Ta abinci kuwa 'yar gaggawa, cikin minti sha biyar ta kama aiki. Nakan hango ta cikin jini da tarin makullai, tana buɗe ƙofofin jiki don sugan tuwo ya sami wurin shiga. In ta buɗe tuwo bai iso ba, ɗan sugan da ya rage take kwashewa. Sai gumi, sai rawar hannu, sai Baraka ta kira ni da sunan yayanta marigayi.

Na uku. Kada a soka ta abincin sai kwano na gabanta. In an soka, ba gaisuwa. Kun san uwarku: suruki ya yi sallama, ta rufe kwano, a shiga ya gida, ya gajiya. Ramla, yawan tsare mijinki Sada da nake a zaure, ba daɗin hirarsa ba ne.

Na huɗu. Zaman makokina ke ba ni tsoro. Gida zai cika, za ta ce ba ta jin ci. In ba za ta ci ba, a bar allurar abincin, a gwada jini, a kira likitanta. Shi kaɗai ke ƙara ko rage yawan allurar. Ramla, ɗaure sukari a bakin zanenki, kina ganin gumi ki ba ta.

Allah ya yi maku albarka, ya haɗa kanku. Ku zauna kewaye da ita, ku sa hannu a kwanonta. In ana ci, tana ci. Masu ta'aziyya su jira ta ƙoshi. Wanda suka zo dominsa ba sauri yake ba.