Yaya Bashir Ya Haƙura da Digirin Dakta

Daren Laraba, Ƙofar Marusa

Wai wa ya ce ciwon da ke ɓoye a zuciya ba ciwo ba ne?

Yau Yaya Bashir ya kawo mini littattafansa a buhu, ya ce ya haƙura. Gurbin da jami'a ta ba shi na nazarin ɓoyayyen tunanin ɗan Adam zai wuce, tallafi kuwa babu.

Ina zamanmu na dakali bayan la'asar, yana nuna mini yadda tsoron yarinta ke bin mutum har furfura, shayi na hucewa ba mu sani ba? Ni da ban wuce sakandare ba, a bakinsa na koyi son karatu.

Wai a kwamitin tallafi wani Alhaji dariya ya yi: "Malam, fassarar mafarki za ka karanto? Ai ga malamai nan a zaure!" Da aka tashi kuma ya ja shi gefe, wai ya daɗe ba ya iya barci, ko da shawara?

Ya kamata Alhajin nan ya fito rediyo ya amsa wa Katsinawa: in ilimin banza ne, me ya kai shi neman shawara a ɓoye?