Kujerar gefen keken ɗinki

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ciwon bayan? Ya Inna da shago?

Ka tambayi aikina na ɗakin bincike. Ɗinki ne irin naka. A zaren gado na ƙwayar bakteriya, wato DNA, akwai ƙyallen da ba ya zama wuri ɗaya. Wani sinadari, enzayim, yana gane alamar gefensa biyu kamar yadda kake bin alli, ya yanke shi, ya ɗinka shi wani wuri. Wata huɗu ina gwaji, shiru. Amma ina cin abinci, kada Inna ta damu.

Gurbin da ƙyallen ya bari, ƙwayar takan ɗinke shi nan da nan. Yaya ya ce za ku fitar da kujerata ta gefen kekenka. Don Allah a bar ta tukuna.

Allah ya ƙara lafiya.

Autarka