Maganin Yamma da Kika Daina Sha

Belgrade, Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Ina zaune a kan benci a bakin sashen masu ciwon ƙoda, hawa na huɗu. Nas ɗin da kika ce ta hana ni shiga ta yarda za ta kai miki wannan takarda.

Smiljana, hasken idona, ruwan sanyina a ranar ƙishirwa, farin watan da nake ɗaga kai in nema ko da hadari ya rufe sama! Kin san ban iya kalamai ba. Awo aka koya mini. Amma kwana shidan nan da ban ga fuskarki ba sun fi mini shekarun jami'a tsawo. Ina kurangar inabi za ta kama idan an cire mata sanda? Haka nake kwance a ƙasa tun ranar Laraba da aka kwantar da ke.

Kin tuna Asabar ɗin ƙarshe ta watan Satumba, a tsakar gidanku a ƙauye? Kina dafa slatko, inabin nan da ake dafawa da sukari har ya yi kauri, kina kwashe kumfa da cokali, ƙudan zuma sun yanyame tukunyar. Shekara biyu ke nan da aka dasa miki ƙodar mahaifinki, kumatunki sun dawo, har kina tsokanata cewa zoben da na sa miki ya fara matse yatsa. Ni kuwa wata uku da kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje, sakamakona na farko yana ta ƙaiƙayi a bakina. Kika ce in daina zagaya tukunya kamar kyanwa, in faɗa miki me nake yi da kitsen mutane duk yini.

Na faɗa miki, har da zane a bayan takardar sukari. Na ce kitse ne da ake yankowa daga ƙarƙashin fatar ciki lokacin tiyata, da yardar masu shi. Mukan warware shi a cikin kwalba har ƙwayoyinsa su taso sama kamar mai a kan nono. Kowace ƙwaya tana da ƙananan ƙofofi da sukari ke bi ya shiga, insulin ne ke sa su fito. Idan muka zuba maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, saƙon insulin yana isa lafiya lau, amma ƙwayar sai ta riƙa janye ƙofofin ciki da sauri, sukari ya tsaya a waje. Na ce shigarsa ta ragu da kashi talatin da huɗu cikin ɗari. Ina murmushi na faɗi wannan, Smilja. Ina alfahari!

"Wane magani ne, Malam Wataƙila?" kika ce, don kullum da wannan kalma nake fara magana.

Na ce takrolimus, wanda kike sha safe da yamma don kada jikinki ya ƙi ƙodar. Kika ajiye cokalin, kika ce, "To, ashe ni ce kwalbar taka."

Na yi dariya. Na ƙara da cewa mutum tara ne kacal, kuma a kwalba ne, na awa uku, kuma ba a san yadda abin yake a jikin mai rai ba. Duk togaciyar da malamata za ta nema, na kawo ta. Magana ɗaya ce ban faɗa ba, wadda ko mai share ɗakin gwajin zai faɗa: kada ki kuskura ki taɓa maganinki. Na san sukarinki ya fara hawa tun watan Agusta. Na san ke kika yi jinyar kakarki Stana, kika ga ciwon sukari ya ci idonta, ya ci ƙafarta, kin sha gaya mini kin fi tsoron wannan a kan kabari. Duk na sani. Yaya aka yi na riƙe adadi a kaina, na manta da wadda ke gabana?

Kin gaya wa likita cewa daga ɗaya ga Oktoba kika daina shan na yamma. Kwana ɗari da ashirin da bakwai. Ya yi mamakin yadda gwajin jini na kowane wata bai nuna ba, ni ban yi ba. A motar haya kika tambaye ni, kamar da wasa, kwana nawa maganin yake yi kafin ya daidaita a jini. Na ce biyu zuwa uku. Sai kika riƙa shan shi cikakke kwana uku kafin kowane gwaji. Ni na gwada miki ƙofar, ni na miƙa miki mabuɗin.

Kin ce wa iyayenki a waya kika karanta cewa maganin yana ɗaga sukari. Kada ki ƙara wahalar da kanki wajen rufa mini asiri, tauraruwata. Yau da safe na tare mahaifinki, Baba Milutin, a kan matakala, yana ɗauke da tukunyar miyar kaza da mahaifiyarki ta naɗe da tawul, na gaya masa komai. Na so ya mare ni. Sai ya ajiye tukunyar a kan mataki, ya daɗe yana gyara tawul ɗin.

"Ɗana," ya ce, "ƙoda biyu Allah Ya ba ni. Na ba ta ɗaya, ɗayar kuwa likitoci ba za su karɓa ba, na tambaye su jiya. Kai da ka yi karatu, yanzu me za mu ba ta?"

Tun ranar Juma'a na riga na je an gwada jinina. Ni B ne, ke O. Ina da ƙoda biyu lafiyayyu, ba zan iya miƙa miki ko ɗaya kai tsaye ba.

Ga roƙona, kuma ba ni da wani. Ƙarfe biyu na rana likita zai dawo da takardar da kika ƙi sa wa hannu jiya. Ƙarin ruwa ne na kwana uku, da magani mai ƙarfi da zai tsawata wa garkuwarki ta sakar wa ƙodar. Ba zan ɓoye miki ba: zai ɗaga sukarinki sosai, kusan tabbas sai an yi miki allurar insulin, wataƙila na makonni, wataƙila har abada. A gabana likitan ya gaya wa Baba cewa ɗan naman da aka ciro daga ƙodar ya nuna tabo ya riga ya ci wuri mai yawa, kuma a ganinsa, cikin huɗu irinki ɗaya ce ke tsira da ƙodarta. Ɗaya cikin huɗu kaɗan ne, ba zan yi masa ado ba. Amma idan ba ki sa hannu ba, babu ko ɗayar. Ciwon sukarin da aka gano da wuri ana aunawa, ana lallaɓa shi. Kakarki ta shekara ashirin ba wanda ya auna nata. Wannan karon ki ji maganata har ƙarshe: ki sa hannu.

Idan ƙodar ta tafi, za ki koma kan injin wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu-huɗu, da ruwan sha da ake auna miki a kofi. Na san wannan ya fi yiwuwa. Zan zauna a kujerar gefe kowace rana. Zan koyi allura a cikina kafin in taɓa naki. Idan ba ki son ganina, zan zauna a waje. Ke ce kogina, Smilja, ko kin cika ko kin ƙafe, a bakinki na gina gida, kuma ba ni da wani gari. Ni, Ognjen, naki ne, yau da duk abin da ya rage.

Abin da ban sani ba:

Ko abin da na gani a kwalba shi ne ya ɗaga sukarinki. Yana iya zama wata gaɓa ce daban, yana iya zama gado.

Ko sakamakon mutum taran nan ma zai tsaya idan sun kai talatin. Malamata tana shakka.

Shekara nawa ake jira a layin ƙoda ga mai jini irin naki. Kowa na ba ni adadi daban.

Ko Baba Milutin zai sake kirana ɗansa.

Ko kin hana ni shiga ne don kina fushi da ni, ko don kada in ga yadda ƙafafunki suka kumbura. Wannan kaɗai ne a cikinsu ake iya amsawa yau, kuma amsar tana wurinki.